Ɗana na son shiga aikin tsaron iyakar Amurka, ina neman shawararku

Baban Sadiƙu (Bronx):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana mu sakat a gida, na ga ya dace in kawo ta nan. Babban ɗana ya gama kwaleji, shekararsa 23, a nan aka haife shi, kuma ya kafe sai ya shiga rundunar sintirin kan iyaka, wato Border Patrol. Abin da ya ɗauki hankalinsa kuɗin ne. Ya nuna mini tallarsu, akwai garaɓasar dubban daloli ga sabon shiga, kuma cikin 'yan shekaru albashi kan haura dala 100,000 a shekara in an haɗa da obatayim. Mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba. Ni kuma ba na son in hana shi a kan jita-jita. Wanda ya san yadda aikin yake daga ciki, yadda manya ke riƙe na ƙasa, da halin da ma'aikatan ke ciki, don Allah ya faɗa mana gaskiya.

Direban Tirela (Dalas):
Wa'alaikumus salam Alhaji. Ni kullum ina hanyar Laredo, garin bakin iyakar Meziko a Teksas, da kaya, don haka ina ganin yaran nan ido da ido. Akwai shingen bincikensu a kan babbar hanya mai lamba 35, kamar tafiyar rabin awa arewa da garin. Da dare za ka hango fitilu tun daga nesa, tireloli sun yi layi, wani yana zagaya mota da kare, wani yana tsaye a bakin taga yana tambayarka ko kai ɗan ƙasa ne. Da rani zafin wurin ya wuce misali. Za ka ga yaro sanye da sulke a kan kakinsa, gumi ya jiƙa wuyan rigar, hayaƙin dizal na dukan fuskarsa, a haka zai yi awa goma. Da yawansu da Sifaniyanci suke magana a tsakaninsu, domin kusan rabin rundunar 'yan asalin Latin Amurka ne.

Abu na farko da Sadiƙu zai sani: masu kaki kore su ne Border Patrol, aikinsu a daji ne tsakanin wata ƙofar shiga ƙasa da wata. Masu shuɗin kaki su ne na filin jirgi da gadoji. Dukkansu suna ƙarƙashin hukumar kwastan da tsaron iyaka, wato CBP, amma rayuwarsu daban. Mai kore, in ya gama horo a Artesia ta jihar New Mexico, kusan wata shida har da koyon Sifaniyanci, kudu za a tura shi, iyakar Meziko. A farkon 2024 sun sanar da garaɓasar dala 20,000, da ƙarin 10,000 ga wanda ya yarda a kai shi irin su Presidio, Sanderson, Lordsburg ko Ajo. Ka tambayi kanka dalilin ƙarin. Daga Presidio zuwa El Paso tafiyar kusan awa huɗu ce a mota. Yaron da ya tashi a Bronx, masallaci a kowane lungu, nama na halal a bakin titi, ya ya zai yi da Juma'a da azumi a can?

Ɗalibar Shari'a:
Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai rahoton da ya kamata Sadiƙu ya karanta da kansa kafin ya cika fom. A watan Mayun 2023 ofishin sufeto janar na ma'aikatar tsaron cikin gida ya fitar da binciken da ya yi a kan lafiya da ƙwarin gwiwar ma'aikatan CBP da na ICE, hukumar da ke kama baƙi marasa takardu a cikin ƙasa. Ma'aikata sama da 9,000 suka amsa tambayoyin. Kusan kashi 88 cikin 100 sun ce wuraren aikinsu ba su da isassun hannuwa idan baƙi suka yi yawa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun ce suna shirin barin aikin cikin shekara guda.

Abin da suka fi kokawa a kai ya ba ni mamaki da farko, domin na zaci haɗari za su ambata. Abu biyu ne: obatayim na dole, da tura mutum aikin wucin gadi. Jami'in da ke iyakar Kanada, yana da mata da yara a makaranta, sai a ce ya tattara ya tafi Teksas na wata guda, ya dawo, kafin ya huta a sake tura shi. Rahoton ya ce hukumar ta mayar da wannan dabara, wadda ta gaggawa ce, tamkar tsarin aikinta na kullum. Kuma da yawa sun ce an ɗauke su ne don sintiri, amma sun ƙare a cikin tanti suna ɗaukar hoton yatsu, suna cika takardu, suna raba abinci da madarar jarirai.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Ku yi haƙuri, amma ni wannan tausayin da ake neman a ji musu bai shige ni ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sun karɓi albashi, sun karɓi fansho mai kyau, sai kuma a ce raba wa yara madara ya kashe musu gwiwa? To yaran da ke cikin tantin fa? A Disambar 2018 yara biyu 'yan Guatemala, ɗaya mai shekara 7 ɗaya mai 8, sun rasu a hannunsu. A 2019 duniya ta ji halin da aka tsare yara a ofishinsu na garin Clint a Teksas. A wannan shekarar ce kuma kafar ProPublica ta bankaɗo wani zauren sirri a Facebook mai mutum kusan 9,500, jami'ai na yanzu da tsofaffi, inda ake yi wa gawarwakin baƙi ba'a ana zagin 'yan majalisa mata. Har ita shugabar rundunar ta lokacin, Carla Provost, ta amsa cewa tana cikin zauren. Alhaji, wannan ne gidan da za ku kai ɗanku?

Tsohon Ma'aikaci (Kaduna):
Ɗan Damagaram, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma ka tsaya a rabin labarin, kuma rabin da ka bari shi ne ya shafi tambayar Alhaji. Bayan an bankaɗo zauren nan, me aka yi? Kwamitin sa ido na majalisar wakilai ya fitar da rahoto a 2021: an samu jami'ai 60 da laifi, biyu kacal aka kora. Da yawa an rage musu hukuncin da aka fara ba da shawara, suka koma bakin aiki, suna hulɗa da irin mutanen da suka yi wa ba'a.

Na yi shekaru ina aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma na ga yadda irin wannan ke cinye ma'aikata. A wani ofishi da na zauna akwai wanda kowa ya san abin da yake yi, aka kai ƙararsa a rubuce, aka ba shi takardar gargaɗi, bayan shekara aka ƙara masa girma. Washegari na lura mutane uku da suka fi kowa zuwa da wuri sun fara zuwa ƙarfe tara. Ba wanda ya ce musu komai, su ma ba su ce komai ba. Mai gaskiya in ya ga an ƙyale mugu, ko dai ya tafi, ko ya ja bakinsa ya yi shiru, ko ya bi sahu. Don haka mutuwar gwiwar jami'i da wulaƙancin da baƙo ke sha daga rijiya ɗaya ake ɗebo su. Jami'in da ya gaji, ya san ba mai kare shi in ya yi daidai, ba mai hukunta na kusa da shi in ya yi ɓarna, shi ne zai daka wa mace mai goyo tsawa.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Baba na ji, kuma na yarda da batun hukunci. Amma gajiya ba ta sa mutum ya yi wa gawa dariya. Wannan daga zuciya yake.

Tsohon Ma'aikaci (Kaduna):
Haka ne ɗana. Shi ya sa tambayar ta zama, wa ya ɗauke shi aiki, kuma wa ya bar shi a ciki?

Ɗalibar Shari'a:
Amsar wannan tana cikin tarihin rundunar. An kafa ta a 1924, ta daɗe tana ƙaramar runduna. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka kafa ma'aikatar tsaron cikin gida, a 2003 aka haɗa masu sintiri da jami'an kwastan da na shige da fice da masu duba kayan gona a inuwa ɗaya, kowa da al'adarsa da tsarin albashinsa. Daga nan aka shiga ɗaukar mutane da gudu. Daga kusan jami'ai 10,000 a 2004, rundunar ta haura 21,000 a 2011. An taƙaita horo, binciken asali ya kasa cim ma yawan masu shiga, kuma wanda ya yi shekara biyu ko uku a aiki ya zama shi ne mai koya wa sababbi.

Sakamakon ya fito. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya ce daga 2005 zuwa 2012 an kama ko an gurfanar da ma'aikatan CBP 144 kan cin hanci, kamar barin miyagun ƙwayoyi ko mutane su wuce, ban da kame sama da 2,000 kan laifuffuka irin su tuƙi cikin maye da dukan iyali. Abin da ya fi ɗaure kai, har zuwa 2014 sashen binciken cikin gida na hukumar ba shi da ikon binciken manyan laifuffukan ma'aikatansa. Shugaban sashen, James Tomsheck, an cire shi a 2014, ya fito ya faɗa wa 'yan jarida cewa ana rufa-rufa a kan harbe-harben da jami'ai suka yi.

Saboda cin hancin nan ne majalisa ta yi doka tun a 2010 cewa duk mai neman aikin sai an gwada shi da na'urar gane ƙarya. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito a 2017 cewa kusan biyu cikin uku na masu nema suna faɗuwa a wannan gwaji. Baba, ko Sadiƙu ya cika fom yau, zai iya shafe watanni da yawa kafin ya ji sakamako, kada ya bar wani aikin da ke hannunsa.

Baban Sadiƙu (Bronx):
Allah ya saka da alheri, 'yata. Na tura masa duk abin da kuka rubuta. Amsar da ya ba ni ita ce, in duk mutanen kirki sun guje wa aikin, su wa za su rage a ciki? Ya ce a harin da aka kai wata makarantar firamare a Uvalde ta Teksas, a 2022, jami'an wannan runduna ne suka shiga ajin suka kashe ɗan bindigar da ya hallaka yara, kuma suna da sashen ceto da ke fito da mutane daga hamada da kogi. Gaskiya maganarsa ta taɓa ni.

Maman Nana (nas, Houston):
Alhaji, niyyar yaron kyakkyawa ce, Allah ya yi masa albarka. Ni ta fannin lafiya zan yi magana, domin aikin dare na sani, na san abin da yake yi wa jiki da aure.

Tsarin albashinsu tun dokar 2014 shi ne, galibinsu awa 100 suke yi duk mako biyu maimakon 80, wato awa goma a rana, a ba su ƙarin kashi 25 a kan albashi. Wannan kafin a zo ga wanda aka tilasta ya tsaya bayan an tashi. Kuma ana juya su: wannan zango safe, wancan yamma, na gaba tsakar dare. Mutum ya dawo gida ƙarfe bakwai na safe lokacin da yara ke shirin makaranta, ya ja labule ya kwanta, ya farka da ciwon kai, matarsa na son magana shi ba ya iya haɗa jimla. Wata shida a haka, sai ƙaramin abu ya zama faɗa.

Sai abin da idonsu ke gani. Su ne ke tsintar gawar wanda ƙishirwa ta kashe a hamadar Arizona bayan kwanaki a rana. Su ne ke ciro yaran da kogin Rio Grande ya ci. Mu a asibiti in mun rasa yaro, akwai abokan aiki a kusa, akwai wanda zai dafa ka. Shi kuwa sau da yawa shi kaɗai ne a mota, nisan kilomitoci daga na kusa da shi, in ya gama rubuta rahoto ya koma sintiri.

Daga 2007 zuwa 2022 ma'aikatan CBP kusan 150 ne suka kashe kansu. A Nuwambar 2022 kaɗai jami'an sintiri uku suka tafi a haka cikin makonni kaɗan. Abin ya kai hukumar ta ɗauki ƙwararre na musamman a kan wannan matsala a 2021. Shugabannin ƙungiyar ƙwadagonsu sun sha faɗa cewa jami'i yana tsoron ya ce yana cikin damuwa, domin za a karɓe bindigarsa a zaunar da shi a ofis, kowa ya gane, obatayim ya tsaya. Sai ya haɗiye. Mu kuma Hausawa mun san halinmu, namiji ba ya cewa zuciyata ba lafiya. Ka haɗa al'adar tasu da tamu a kan yaro ɗaya, a garin da ba shi da kowa. Wannan ne ya sa na fahimci tsoron mahaifiyarsa, kuma ina roƙon a saurare ta da kyau.

Malam Na-Zango (Bronx):
Hajiya ta gama magana. Ni batun addini zan ƙara. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci a kan ibadarsa matuƙar ba zai gurgunta aikin ba. Amma doka na takarda, jadawalin aiki kuma na hannun shugaban zango. Sabon shiga shi ne na ƙarshe wurin zaɓen ranar hutu, domin da daɗewa a aiki ake rabawa. Ya shirya wa cewa Juma'a da yawa za su wuce shi, Sallah ma za ta iya samunsa a bakin shinge. Ban ce haramun ne ba, tsare iyaka aiki ne da kowace ƙasa ke yi. Na ce ya shiga da idonsa a buɗe.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Malam, akwai abin da ya fi Juma'a nauyi a wurina. A 'yan shekarun nan 'yan'uwanmu ma sun riƙa bin hanyar nan. A shekarar kuɗi ta 2023 'yan Afirka sama da 58,000 aka kama a iyakar kudu, alhali shekarar da ta gabata ba su kai 14,000 ba. 'Yan Muritaniya, Senegal, Gini, suna hawa jirgi zuwa Nikaraguwa su biyo ƙasa. A Disambar 2023 a Lukeville ta Arizona ɗaruruwansu suka riƙa kwana a jikin katangar iyaka cikin sanyi suna ƙona shara don jin ɗumi, suna jiran a zo a kwashe su. Ranar da Sadiƙu zai haska tocila ya ga mutum ya shimfiɗa riga yana sallar asuba, ya za su kalli juna?

Maman Nana (nas, Houston):
Wataƙila shi ne zai bar shi ya sallame kafin ya sa shi a mota, ya kuma ba shi ruwa. Wannan ma wani abu ne, ƙanena.

Direban Tirela (Dalas):
Lukeville ɗin nan ma misali ne na yadda ake juya ma'aikatan. A wannan Disambar ta 2023 yankin Tucson kaɗai ya kama mutum kusan 80,000, iyakar gaba ɗaya kusan 250,000. Sai aka rufe ƙofar Lukeville baki ɗaya tsawon wata guda, aka kwashe masu shuɗin kaki suka je taya masu kore cika takardu. A Eagle Pass da El Paso har gadojin jirgin ƙasa aka rufe na 'yan kwanaki. Mu masu kaya mun ji a jikinmu. To ka duba yanzu: a 2025 kamen ya faɗo ƙasa da 10,000 a wata, sai aka ɗebi wasunsu aka kai Los Angeles da Shikago suna kame a cikin unguwanni, fuska a rufe, jama'a na yi musu ihu. Wanda aka horar don bin sawu a daji, jiya yana renon yara a tanti, yau yana tsakiyar zanga-zanga a birni. Duk cikin shekara biyu.

Tsohon Ma'aikaci (Kaduna):
Direba ya taɓo jijiyar. Ku ƙirga shugabannin rundunar daga 2016 zuwa 2025: Mark Morgan, Ron Vitiello, Carla Provost, Rodney Scott, Raul Ortiz, Jason Owens, Mike Banks. Bakwai cikin shekara tara. Morgan an sallame shi da zuwan Trump a 2017, Scott an sallame shi bayan zuwan Biden a 2021. A saman su kuma, kujerar kwamishinan CBP ta yi sama da shekara biyu, daga 2019 zuwa ƙarshen 2021, a hannun masu riƙon ƙwarya. Wanda majalisar dattawa ta tabbatar daga baya, Chris Magnus, bai cika shekara ba aka matsa masa ya ajiye. Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikata ya san mai riƙon ƙwarya ba ya taɓa gyara mai zafi, jiran takardarsa yake. Kuma ma'aikatar tsaron cikin gida ta yi kusan shekara goma a jere tana zuwa ta ƙarshe cikin manyan ma'aikatun tarayya a ƙuri'ar jin ra'ayin ma'aikata.

Batun Del Rio, wani garin bakin iyaka a Teksas, ya nuna ɗaya fuskar. A Satumbar 2021, lokacin da 'yan Haiti kusan 15,000 suka taru a ƙarƙashin gada, hotuna suka fito na jami'ai a kan dawakai suna kora mutane a bakin kogi. Kafin a kammala bincike, shugaba Biden ya fito ya ce waɗannan mutane za su ɗanɗana kuɗarsu. Bayan wata tara rahoton ya fito: ba a samu shaidar an yi wa kowa bulala ba, amma an samu an yi amfani da ƙarfi ba bisa buƙata ba, wani ya yi zagi, kuma an tura su wurin ba tare da tsari ko umarni bayyananne ba. Ku lura da wannan na ƙarshe. Manyan da suka kasa tsara aikin, ba fuskarsu ce ta fito a talabijin ba. Shi ya sa a Janairun 2022 da sakataren tsaron cikin gida na lokacin, Mayorkas, ya je Yuma, wani jami'i ya juya masa baya yana magana, a Laredo kuma aka yi musayar kalamai tsakanin jami'ai da shugabansu Ortiz a gaban kowa.

Ni a ganina duka biyun cuta ɗaya ce. A zauren Facebook an ƙi hukunta masu laifi saboda ana tsoron ɓata wa rundunar rai. A Del Rio an yanke hukunci kafin a gama bincike saboda ana tsoron 'yan jarida. Ko'ina ba a bi ƙa'ida ba, an bi iskar siyasa.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Amma Baba su ma sun tsoma kansu cikin siyasar. Ƙungiyar ƙwadagonsu a ƙarƙashin Brandon Judd ta fito ta goyi bayan Trump tun 2016. In ka ɗauki ɓangare, kada ka yi kuka in ɗaya ɓangaren ya hau.

Tsohon Ma'aikaci (Kaduna):
Wannan gaskiya ne, kuma ina ganin kuskure ne babba ga duk ma'aikaci mai ɗauke da bindigar gwamnati. Amma wanda suka goya wa bayan ma, a zamaninsa ne aka rufe gwamnati kwana 35 daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, suka riƙa fita aiki ba albashi. A zamaninsa ne kuma aka ba kamfanin Accenture kwangilar dala miliyan 297 don ya nemo ma'aikata 7,500, sufeto janar ya gano an biya sama da miliyan 13 alhali mutum biyu kacal aka samu a lokacin, daga baya aka soke kwangilar. Jami'in da ke tuƙa tsohuwar mota a daji ya ji wannan labari, me zai ji a ransa?

Maman Nana (nas, Houston):
Wani abu da ba a ambata ba: mata kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai a rundunar, ƙasa da sauran hukumomin tsaro na tarayya. Wurin da mata da yara ke shigowa dubbai, a ce masu kula da su kusan duk maza ne. A 2021 sun fara yaye wasu ma'aikata farar hula da aikinsu shi ne kula da waɗanda aka tsare da cika takardu, don jami'ai su koma sintiri. Wannan gyara ne mai ma'ana, da tun farko aka yi shi da yawa da an rage wahala ga kowa.

Baban Sadiƙu (Bronx):
To in ya dage, akwai hanyar da ta fi sauƙi?

Direban Tirela (Dalas):
Ya duba ɓangaren shuɗin kaki, Alhaji. Su a Glynco ta jihar Jojiya ake horar da su, kuma suna da guraben aiki a filayen jirgi da tashoshin ruwa, duk da cewa sabon shiga ba shi da tabbacin za a bar shi kusa da gida. Su ma suna kuka da obatayim na dole, wani lokaci zango biyu a jere. Amma aƙalla in ya dace da birni, zai samu jam'i da abincin da ya saba. Kuma ya nemi wanda ke cikin aikin yanzu ya zauna da shi, ba mai tallar ɗaukar aiki ba. Ya tambaye shi sau nawa aka soke masa hutu a bara, da kuma abin da ya faru da na ƙarshe da ya kai ƙarar abokin aikinsa.

Ɗalibar Shari'a:
Akwai kuma abin da ke tafe wanda ya shafi duk mai shiga yanzu. Ƙa'idarsu ita ce mutum zai iya ritaya yana da shekara 50 in ya yi 20 a aiki, kuma dole ya tafi a 57. Dubban da aka ɗauka a guguwar 2006 zuwa 2009 suna cika shekara 20 a 'yan shekarun nan. Masu shuɗin kaki kuma a 2008 aka sa su cikin wannan tsarin fansho, don haka 2028 za ta buɗe wa da yawansu ƙofa a lokaci guda. A daidai wannan lokaci ne dokar kuɗi da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ware sama da dala biliyan 4 don ɗaukar sababbin jami'an sintiri 3,000 da na ƙofofi 5,000. Gogaggu na fita, sababbi na shigowa da yawa, ga matsin lamba daga sama a cika adadi. Yanayin da ya haifar da kamen cin hancin da na ambata ɗazu ke nan. Sadiƙu ya sa a lissafinsa cewa wanda zai riƙe hannunsa a watanninsa na farko a daji, mai yiwuwa shi ma shekara biyu ko uku kawai ya riga shi shiga.